Shanun Laka da Kyamarar Waya: Yadda Za Mu Ba da Labarin Birnin Gwari da Kayan Wasa

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan mako domin waɗanda datarsu ba za ta ja murya ba, da waɗanda suka fi son karatu a kan saurare. Daga Tabanni nake magana, gabashin Birnin Gwari.

Maganar yau a kan kayan wasan yara ce, da yadda ake jera su a ɗauke su hoto. Na san wani zai ce, "Haba Malam, ana fama da tsadar taki da matsalar hanya, kai kuma kana zancen 'yar tsana?" To ka ɗan ba ni minti goma. In mun kai ƙarshe ba ka ga inda abin ya shafe ka ba, ka yi min ƙorafi, zan karɓa.

Bari mu fara da asalin abin. A 1964 wani kamfanin Amurka mai suna Hasbro ya fito da wani ɗan sojan roba, G.I. Joe, tsawonsa inci 12, gaɓoɓinsa suna lanƙwasuwa. Sai suka ga in aka ce masa 'yar tsana, yara maza ba za su saya ba, shi ne suka ƙirƙiro masa suna, "akshin figa", wato mutum-mutumin da ake iya motsa shi a tsayar da shi yadda ake so. A 1978 kamfanin Kenner ya fito da na fim ɗin Star Wars, ƙanana, ba su kai inci huɗu ba. Yaran da suka yi wasa da su suka girma, suka samu albashi, suka koma tara su. Har ta kai a 2024 an yi gwanjon guda ɗaya, na wani tauraron Star Wars mai suna Boba Fett, a kan sama da dala miliyan ɗaya. Roba fa, wadda ba ta fi ɗan yatsa ba.

Amma ba masu tarawar ne suka dame ni ba. Waɗanda suka ɗauki kyamara su ne abin maganata. In ka shiga Instagram ka rubuta #toyphotography za ka ga abin mamaki: ɗan soja a cikin ƙura kamar a fagen daga, mota tana keta ruwa, alhali duka filin bai fi faɗin faifai ba.

Mutum uku nake so ku riƙe sunansu. Na farko David Levinthal, Ba'amurke. A 1977 shi da abokinsa Garry Trudeau suka fitar da littafin hotuna mai suna Hitler Moves East, a kan mamayar da Jamus ta kai wa Tarayyar Sobiyat a 1941. Babu mutum ko ɗaya a hotunan, duk sojojin roba ne aka jera, amma yadda ya sarrafa haske da hayaƙi da dusu-dusu, sai ka rantse a bakin daga aka ɗauka. Na biyu Tatsuya Tanaka, ɗan Japan. Tun 2011 kullum sai ya sa hoto ɗaya, yana haɗa 'yan mitsi-mitsin mutane da kayan gida: kayan lambu su zama bishiyoyi, soso ya zama fili. Na uku, wanda ya fi kusa da halinmu, Brian McCarty. Tun 2011 yake zuwa wuraren da yaƙi ya taɓa, Gaza, sansanonin 'yan gudun hijirar Siriya a Lebanon, Iraƙi, daga baya Yukren. Yara su zana abin da suka gani tare da ƙwararrun da suka san yadda ake lallashin zuciyar yaro ta hanyar zane, shi kuma ya nemi kayan wasa a kasuwar garin, ya jera su daidai da zanen, ya ɗauka. Yaron ya ba da shaidarsa, duniya ta gani, kuma ba a nuna fuskarsa ba.

Yanzu mu dawo gida. Mu nan ba mu da shagon da ake sayar da irin waɗancan. In ka samu, to a cikin dilar gwanjo ne a Kasuwar Barci a Kaduna, ko Sabon Gari a Kano, ko 'yan sojojin roba da ake zubawa a tire lokacin sallah. A Legas akwai Taofick Okoya da ya kafa Queens of Africa a 2007, har da 'yar tsana Bahaushiya mai suna Azeezah a ciki. Amma wa ya ce sai na kanti? Wanne ne a cikinmu bai yi shanun laka ba? A ɗebo yumɓu a bakin rafi, a murza, a fitar da tozo, a soka ƙaya biyu su zama ƙaho. Wa bai yi motar kara ba, da sille da totuwa? Motar langa-langa fa, da tayar silifas? 'Yan mata kuma da 'yar tsanar ƙashi ko ta tsumma, a yi mata kitso, a yi mata biki har da gara. Kuma kada ku manta, a jihar nan tamu ta Kaduna, a garin Nok da ke ƙaramar hukumar Jaba, masu haƙar kuza suka fara tono gasassun sassaƙen laka a 1928, Bernard Fagg ya fara nazarinsu a 1943, kuma shekarunsu sun haura dubu biyu. Yau suna gidajen tarihi na duniya. Ke nan sarrafa laka ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Ga inda maganar take da nauyi. Ku je ku zauna kusa da yara suna wasan laka a ƙauyukanmu, ku lura da abin da hannunsu yake fitarwa. Da can sa ne da garma da amalanke. Yanzu sau da yawa babur ne, da mutum biyu ko uku a kai, an soka musu tsinke a kafaɗa. Kun san me tsinken nan yake nufi. Yaro ba ya ƙera abin da bai gani ba. Wanda aka haifa shekara goma sha biyu da suka wuce a yankin nan, ya buɗe ido ne a cikin gudu da kwanan daji. A watan Mayun 2018 an kashe mutum fiye da arba'in a Gwaska rana ɗaya. A ƙarshen 2021 gwamnati ta katse layukan waya, ta hana hawan babur na wani lokaci. Hanyar Kaduna da ta Funtuwa sun zama sai da rakiya da addu'a. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999 domin mutane su zo kallon namun daji, sunansa ya koma abin tsoro. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Muna roƙon Allah Ya ɗorar. Amma ko bindiga ta yi shiru yau, abin da ke cikin kan yaro ba ya fita da sanarwar gwamnati.

Sannan akwai matsala ta biyu. Ka rubuta "Birnin Gwari" a intanet ka duba hotuna. Me za ka gani? Ƙonannun motoci, sojoji, gawarwaki a jere. Wasu ma mu da kanmu muke yaɗa su a WhatsApp, gawar ɗan wani, mijin wata, ba izini ba sutura. Muna cewa so muke duniya ta sani. Gaskiya ne, ya kamata ta sani. Amma akwai hanyar da za a faɗi gaskiya ba tare da an keta mutuncin mamaci ba, kuma ba tare da an jefa mai rai cikin haɗari ba. Hoton rumbun laka da aka ƙona, da ɗan sa guda ɗaya a tsaye a gefensa yana kallo, zai iya tsayar da mutum ya yi tunani fiye da hoton jini da zai yi sauri ya wuce. Kuma da kayan nan za ka iya nuna abin da ba a taɓa nunawa a kanmu ba: ranar kasuwa, ɗaurin dawa, layin motocin masara, yara a hanyar makaranta.

To yaya ake yi? Ku ɗauko biro.

Na ɗaya, ka sauka ƙasa. Wannan shi ne rabin aikin. Mafi yawanmu a tsaye muke ɗauka, daga sama, shi ya sa abin wasa yake fitowa a abin wasa. Ka kwanta rub da ciki, ka juya wayar kanta ƙasa yadda idon kyamarar zai kusa taɓa ƙasa, ya yi daidai da idon san ko ma ƙasa da shi. Nan take sa mai tsawon ɗan yatsa zai koma bijimi. In kana jin kunyar kwanciya a gaban mutane, ka ɗora filin a kan benci ko turmi da aka kife, ka zuba ƙasa a kai.

Na biyu, ma'auni. Mutum-mutumi mai inci shida, wato kusan santimita 15, in ka kwatanta shi da mutum mai santimita 180, ɗaya bisa goma sha biyu ke nan. Duk abin da za ka ajiye kusa da shi sai ka ninka shi sau goma sha biyu a ranka. Kwalin ashana mai santimita biyar ya zama akwati mai santimita sittin, ya yi daidai. Amma ganyen mangwaro guda ɗaya a gefe zai zama kamar tabarma, ya tona maka asiri. Shi ya sa za ka nemi masu ƙananan ganye: tsamiya, bagaruwa, zogale. Reshen bagaruwa busasshe bishiya ce sukutum. Tsakuwa dutse ce. Murfin kwalba kwano ne. Yashi mai laushi ya fi ƙasa mai burji.

Na uku, tsayuwa. Abu in ya miƙe sambal, ƙafa biyu a haɗe, hannu a gefe, ya mutu. Ka kalli yadda mutum yake tsayawa da gaske: nauyinsa a kan ƙafa ɗaya, kafaɗa ɗaya ta ɗan sauka, kai ya juya wajen abin da ya dame shi. Mai noma bayansa a duƙe yake. Mai gudu jikinsa ya yi gaba, ya riga ƙafarsa. Kafin ka lanƙwasa abin, kai ka tashi ka yi tsayuwar da jikinka, ka ji inda nauyin yake. In na laka ne, tun yana ɗanye za ka ba shi tsayuwarsa, ka sa siririyar waya ko tsinke a ciki ya riƙe shi, ka shanya a inuwa don rana tana fasa shi. Ɗan yashi ko ƙaiƙayi a cikin yumɓun yana rage tsagewa. In yana faɗuwa, ka soka tsinken tsintsiya a bayansa, ta inda kyamara ba ta gani. Kuma ka lura da inda kowa yake kallo. Shanu uku suna kallon gefe guda, ɗaya ya waiwaya baya: ka riga ka ba da labari, mai kallo zai tambayi kansa, me ya ji?

Na huɗu, haske. Rana tsaka abokiyar gaba ce, tana sa inuwa mai kauri a ƙarƙashin komai. Ka fita da sassafe kafin hantsi, ko la'asar sakaliya. Ka sa ranar ta zo daga gefe ko daga bayan abin, sai gefensa ya yi zare na haske. In gaban ya yi duhu, ka sa ƙaninka ya riƙe farar takarda ko murfin tukunya mai ƙyalli ya maido hasken. Lokacin hunturu kuwa, hazon nan da muke kuka da shi kyauta ce ga mai hoto, yana tausasa komai. Da dare kada ka kunna filashin waya. Tocila ɗaya daga gefe, a rufe bakinta da farar leda, ta fi.

Na biyar, wayar kanta. Ka goge idon kyamarar da gefen riga, yawancin dusu-dusun da muke ɗora wa waya laifi, maiƙon hannu ne. Kada ka matsa sosai, galibin wayoyi in ka wuce kusan santimita goma ba sa iya kama abu tsaf. Ka ɗan ja baya, ka taɓa fuskar abin a allo ka riƙe har ta kulle, sannan ka ɗan rage hasken. Ka nisanta abin daga bangon da ke bayansa, taku biyu ko uku, sai bayan ya narke, abin ya fito. Ka jingina wayar da dutse, ka sa mata ƙidayar daƙiƙa uku don kada hannu ya girgiza ta.

Na shida, motsi. Kana son ƙurar garke? Wani ya watsa ɗan yashi ko toka mai sanyi a bayan shanun, rana tana bayansu, kai kuma ka danne maɓallin ya ɗauki da yawa a jere. A cikin ashirin za ka samu ɗaya mai kyau. Ruwan sama, tsohon buroshin haƙori ka jiƙa ka fesa da yatsa. Hayaƙi, ɗan turaren wuta ya isa. Kududdufin bayan ruwa tafki ne, har da inuwar abin a ciki. Gyara kuma, Snapseed kyauta ce, ka yanke gefe, ka goge tsinken da ya leƙo, ka tsaya nan. Kada ka cika masa kala har ya koma kamar fostar biki.

Yanzu maganar da na san tana ran wasunku: addini. Mutum-mutumi ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu, kuma ba zan yi kamar ban san da ita ba. Hani a kan sassaƙa surar mai rai sananne ne. Haka kuma ya tabbata a Bukhari cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Abu Dawud ya kawo labarin dokinta na wasa mai fukafukai. Daga nan ne malamai da yawa suka sassauta a kan kayan wasan yara, suka kuma yi saɓani a kan babba da kuma cikakkiyar sura. Wannan fagen malamai ne, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa. In zuciyarka ba ta natsu ba, ƙofa a buɗe take: motar kara, rumbu, amalanke, rumfar kasuwa, gada, makaranta da 'yan bencinanta babu kowa a kai. Wallahi ajin da babu kowa a ciki, da allo da takalmi ɗaya a bakin ƙofa, ya ishi mai hankali labari.

Sai dokokin kare kai, kuma waɗannan ba na wasa ba ne. Kada wanda ya shiga daji don neman wuri mai kyau. Bayan gidanku ya isa, faɗin faifai kawai kake bukata. Kada ka ɗaga waya kusa da shingen jami'an tsaro. Ka shiga saitin kyamara ka kashe abin da ke liƙa wurin da aka ɗauki hoto. Kada ka sa fuskar yaro, ko sunansa, ko sunan unguwarsu. Hannunsa da laka ya wadatar, shi ma da izinin iyayensa. Kada ka yi hoton da zai nuna wane ne ya kai rahoto, ko ta wace hanya mutane suke tsira. Kada ka mayar da mai bindiga gwarzo: in ka kwanta ƙasa ka ɗauke shi daga ƙasa, rana a bayansa, ka ba shi kwarjinin da bai cancanta ba, kuma ƙanninmu suna kallo. Wannan kusurwar ka ba manomi, ka ba malamin makaranta, ka ba direban da ya yi ta bin hanyar nan shekara da shekaru. Sannan kada ka liƙa wa wata ƙabila laifi da rawani ko sanda. Bafulatanin da aka kore wa shanu shi ma ɗansa yana ƙera sa da laka, kuma shi ma ya san abin da ya rasa.

Game da yara kuma, ku ji ni da kyau. McCarty da ƙwararru yake aiki, mu ba ƙwararru ba ne. Kada ka zaunar da yaro ka ce ya ƙera maka ranar da aka kashe babansa don ka samu masu dannawa. Wannan zalunci ne. Ka bar shi ya ƙera abin da ya ga dama. In babur ya yi, kada ka daka masa tsawa, kada ka fasa. Ka tambaye shi a hankali, "Ina za su?" In ya yi magana ka saurara, in ya yi shiru ka ƙyale shi. Sannan ka ce, "Zo mu yi kasuwa." In ka ga yaro yana firgita da dare ko ya daina magana, wannan ya wuce hoto, a sanar da iyaye, a kai shi asibiti.

Mai tambayar "ina kuɗi a ciki?", ba zan yi maka alkawarin dala ba. Amma wanda ya iya haska sa na laka ya fito da kwarjini, ya iya haska kwalbar turare, da takalmi, da hula, da kwalbar zuma. Matan da ke sayar da kaya a WhatsApp kullum hoto mai kyau suke nema. Hannu ɗaya ne, ido ɗaya ne. A watan Afrilun 2025 kowa ya ga yadda aka yi ta yayin sa ChatGPT ya mayar da mutum mutum-mutumi a cikin kwali. An yi dariya, an wuce, duk sun yi kama da juna. Na'ura ba ta san yadda tozon farin sa yake kwanciya ba in ya sha tafiya, yaron Tabanni ya sani.

Ga aikin wannan mako. Ka samu ƙannenka ko yaran maƙwabta biyu ko uku. Su su ƙera, kai ka ɗauka. Taken shi ne "Ranar Kasuwa". Hoto uku kawai: ɗaya daga nesa da ke nuna duka kasuwar, ɗaya daga ƙasa daidai idon abin, ɗaya na kusa sosai a kan abu guda. In ka gama, kafin ka sa a ko'ina, ka fara nuna wa yaran a wayar, ka ce musu ga aikinku. Sannan ku turo mana, ku rubuta da me aka yi shi da kuma lokacin da aka ɗauka. 'Yan Kuyello, Dogon Dawa, Randagi, Kakangi, da ku na Funtuwa da Zariya da Maraɗi, duk muna jira. A shiri na gaba za mu zaɓi wasu mu tattauna abin da ya yi kyau da abin da za a gyara.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya shirya mana ƙannenmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.